Bayan An Tashi Daga Lokeshin: Ina Fadar Fim Take Zuwa?



Duk wanda aka taɓa yin biki a layinsu ya san yadda wuri yake wayar gari. Masu rumfa sun zo sun kwance abinsu, masu kujeru sun loda a motar a-kori-kura, uwar biki na can ciki tana lissafin tukwanen aro, a waje kuwa sai ledar ruwa da yara masu tsince-tsince. To yau washegarin wani irin biki za mu leƙa, bikin da ake kashe wa miliyoyin daloli, wato fim. Ka zauna ka kalli fada mai ganuwa har sama, da ƙofar da giwa za ta shige ba ta sunkuya ba, ga sarki a kan karaga riƙe da takobi. Darakta ya ce an gama, an naɗe wayoyi, jarumai sun kama gabansu. Fadar nan fa, ina take zuwa? Takobin da karagar, wa yake ɗauka?

Kafin mu kai ga amsa, sai mun san da me aka yi su. Yawancin ginin da kake gani a manyan finafinai, wanda 'yan fim ke kira saiti, fuska ce kawai. Zagaya bayansa ka sha kallo: falankai ne da ƙarafa suka tokare shi, kamar allon talla a bakin titi. Dutsen da za ka rantse ƙarti goma ba za su ɗaga ba, soso ne mai tauri aka sassaƙa, aka shafe shi da filasta irin ta fi'ofin silin, aka bi da fenti, yaro ma sai ya cira da hannu ɗaya. Kwalbar da ake fasa wa ɗan daba a ka, da can da narkakken sukari ake yin ta, yanzu kuma da wata roba mai saurin farfashewa. Kafintan fim ba ya lissafin damina biyu. Abin da aka ce masa shi ne ginin ya tsaya wata biyu ko uku, ya yi kyau ta ɓangaren da kyamara za ta kalla.

Ga Titanic, wanda ya fito a 1997, wanda ko waɗanda ba su damu da fim ɗin Turawa ba sun ji labarinsa. A garin Rosarito da ke gaɓar teku a ƙasar Meziko aka yi wani makeken tafki a 1996, aka gina jirgin a cikinsa, tsawonsa ƙafa 775, ya fi filin ƙwallo biyu. Amma gefe ɗaya kawai aka kammala masa. Da aka zo ɗaukar wurin da jirgin zai bar tasha, inda ɗaya gefen ake bukata, sai aka rubuta komai a juye, har rubutun da ke jikin huluna da akwatuna, daga baya aka juya hoton kamar a madubi. Bayan an gama nutsar da shi, abin da ya rage aka yanyanka aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Jirgin da ya sa duniya kuka, a hannun 'yan gwangwan ya ƙare. Tafkin dai ya tsira, an ci gaba da ɗaukar wasu finafinan a cikinsa.

Za ka ce wannan ai almubazzaranci ne. Su kuwa lissafi suke yi. Babban zauren da ake kafa saiti a ciki haya ake biya, kullum kuɗi na tafiya, ga wani fim ɗin a bakin ƙofa yana jiran a fita ya shiga. In an ce a ajiye, sai an biya masu kwancewa a hankali, a biya manyan motoci, a kama sito, a sa mai gadi, duk saboda abin da watakila ba za a sake nema ba. Rushewa kuwa aikin 'yan kwanaki ne. Shi ya sa yawancin ginin fim a juji yake ƙarewa. A 'yan shekarun nan an samu masu zuwa su karɓi falankai da ƙofofi da yadudduka su raba wa makarantu da ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, asarar ta ɗan ragu. Amma soson da aka laɓta wa filasta da fenti, ko kyauta ba mai so.

Ƙananan kaya su da sauƙi. Kujeru, fitilu, tsohon tarho, motocin da, yawancinsu na haya ne. A Los Angeles da Landan da Mumbai akwai gidajen da sana'arsu ke nan, su tara kaya su ba 'yan fim haya, har fitilar da ka gani a falon attajiri a wannan fim ka iya sake ganinta a ofishin ɗan sanda a wancan. Abin da aka saya ko aka ƙera, ana rubuta shi a littafi a kulle sai an gama haɗa fim ɗin, don in darakta ya ga wani wuri bai yi ba aka koma ɗauka, dole a fito da riga iri ɗaya da kofi iri ɗaya. Bayan nan kamfani ya ware na ajiya, sauran a yi wa ma'aikata gwanjo. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, a aljihun jarumi yake bin sa gida. Sannan abu mai muhimmanci ba a yin sa tilo. Takobin jarumi akwai na ƙarfe mai sheƙi na nunawa dab da kyamara, akwai na roba na faɗa, akwai na ko-ta-kwana. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo maganar wani takalmi.

Wani lokacin rushewar ma akan mai da ita fim. A ƙarshen 1938 furodusa David O. Selznick yana bukatar hoton birnin Atlanta yana ci da wuta don fim ɗinsa Gone with the Wind, yana kuma bukatar fili a bayan situdiyo don sabon gini. Filin cike yake da tsoffin gine-ginen fim, har da katafariyar ƙofar nan ta King Kong na 1933. Faɗuwa ta zo daidai da zama. A daren 10 ga Disamba aka manna musu fuskar gidajen Atlanta, aka cinna wuta, kyamarori na ɗauka. Gobarar da mutane suka yi ta yabawa a sinima, tarkacen finafinan baya ne yake ci.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Fir'auna da aka binne a Amurka. A 1923, lokacin fim bai fara magana ba, darakta Cecil B. DeMille ya shirya The Ten Commandments, a kan ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, da Fir'auna. Bai je Masar ba. Wuri ya samu mai tudun rairayi a gaɓar Kalifoniya, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Guadalupe, ya tara ma'aikata sama da dubu, suka tayar da ƙofar birni da tsayinta ya haura ƙafa 100, da manyan gumakan Fir'auna huɗu, da wasu gumaka 21 masu jikin zaki da kan mutum jere a bakin hanya. Duk filasta ce. Da aka gama, kwashe su zai ci kuɗi, barin su a tsaye kuma yana nufin wani mai ƙaramin jari ya lallaɓo da kyamararsa ya yi fim a bagas da gumin wani. Sai aka tuttura su ƙasa, rairayi ya rufe.

Shekara sittin suna kwance, sai dai 'yan garin su riƙa cewa akwai wani abu a ƙarƙashin tudun can. A 1983 wani matashi mai harkar fim, Peter Brosnan, ya bi wata 'yar magana da DeMille ya saki a littafin tarihin rayuwarsa, ya je ya tarar da gutsattsarin filasta suna leƙowa daga yashi. Ya ɗauka ya gama, ashe yanzu ya fara. Kusan shekara talatin ya yi yana neman kuɗi da izinin haƙa, ga kuma wani ɗan tsuntsu da ke yin ƙwai a wurin wanda doka ta hana a dame shi, sai a wasu watanni kawai ake iya taɓa ƙasar. A 2012 aka yi tono na sosai, aka koma a 2014, a 2017 kuma aka fito da kan ɗaya daga cikin gumakan, da sauran fentinsa a jiki. Masanan tono kayan tarihi ne suka yi aikin, da burushi da lallaɓawa, kamar yadda ake yi wa na ainihi a Masar, domin filastar da ta yi shekara casa'in a cikin danshi, kana taɓa ta take marmashewa. Yau abin da aka ceto yana wani ƙaramin gidan tarihi a Guadalupe. Jabu ne, amma ya daɗe har shi ma ya zama kayan tarihi.



A hamada, inda ruwan sama bai cika damun gini ba, saiti kan yi tsawon rai. A kudancin Tunusiya, kusa da garin Nefta, akwai gidajen da aka gina a 1997 don fim ɗin Star Wars da ya fito a 1999. An tafi an bar su, 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa, mutanen yankin suka samu abin yi da raƙuma da kayan tsaraba. Sai wani tudun rairayi ya taso musu. Masana suka ɗauki gidajen a matsayin alamar awo a hotunan tauraron ɗan'adam, suka ga tudun na matsowa kimanin mita 15 a shekara. Mutanen Yusufari da na Maine-Soroa ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda tudu yake cin gida.

A Maroko abin sana'a ya zama. Situdiyon Atlas da ke Warzazat, wanda aka kafa a 1983, ya bar manyan gine-ginensa a tsaye. Fadar Masar da aka gina wa wannan fim, a sake mata fenti a ba wancan haya, ranar da ba aiki kuma a karɓi kuɗin shiga daga masu zuwa kallo. Masoya Baahubali, wanda da yawanmu da fassarar Hausa muka kalle shi, an bar musu wani sashe na masarautar Mahishmati a Ramoji Film City da ke Haidarabad. Tantunan ƙabilar Kayi na fim ɗin Ertugrul suna Riva, kusa da Santambul, ana shiga a ɗauki hoto. A Niyu Zilan kuwa, a cikin wata gonar tumaki aka gina ƙauyen The Lord of the Rings a 1999, aka kwance yawancinsa bayan an gama, amma mutane ba su daina zuwa kallon ramukan da suka rage ba. Da aka dawo bayan shekara goma don ɗaukar The Hobbit, sai aka daidaita da masu gonar aka gina da kayan ƙwarai, gidaje 44 suna nan har yau. In ka lura, duk wanda ya tsira a cikin waɗannan, wani ne ya hango kuɗin tikiti a jikinsa.

Yanzu mu zo kan takalmin da na ce ku riƙe. A 1970 kamfanin MGM, ɗaya daga cikin manyan gidajen fim na Amurka, ya shiga matsin kuɗi. Sababbin masu shi suka dubi ɗakunan ajiya cike da kayan shekara arba'in da ɗoriya, suka ga tarkace. Suka sayar wa wani dillalin gwanjo duka a kan dala miliyan ɗaya da rabi: tufafi kimanin 350,000, da kekunan doki, da kujeru, har da jirgin ruwa. Filayen da gine-ginen suke kai aka sayar aka yi gidajen kwana. A cikin gwanjon akwai wani jan takalmi mai ƙyalƙyali da Judy Garland ta sa tana yarinya a The Wizard of Oz na 1939. Ya tashi a dala 15,000, mutane suka riƙe baki. An ɗauka shi kaɗai ne a duniya, ashe yana da 'yan'uwa, kamar yadda na gaya muku ba a yin abu tilo.

Ɗaya yana gidan tarihin Smithsonian a Washington tun 1979. Wani kuma mai shi ya ba da aronsa ga gidan tarihin Judy Garland da ke jihar Minnesota, a 2005 ɓarawo ya shiga da dare ya fasa gilashi ya ɗauke. Shekara goma sha uku shiru, sai a 2018 hukumar FBI ta gano shi. Da aka zo gurfanar da ɓarawon, ya zama dattijo mara lafiya. Abin da aka shaida wa kotu shi ne, jin an yi wa takalmin inshorar dala miliyan ɗaya ya sa ya ɗauka jajayen duwatsun jikinsa yaƙutu ne na gaske. Ya kai wa mai sayen kayan sata, aka duba aka ce masa gilashi ne, sai ya rabu da shi. A Disambar 2024 aka yi gwanjon wannan takalmin a kan dala miliyan 28, da la'ada ya kai miliyan 32 da rabi. Bawan Allah ya je neman darajar a jikin duwatsu, alhali tana can cikin kawunan miliyoyin da suka kalli fim ɗin suna yara. A wannan shekarar dai, ɓallin katakon da jarumar fim ɗin, Rose, ta kwanta a kai a ƙarshen Titanic, wanda har gobe ake musu ko zai ɗauki mutum biyu, ya tashi a dala 718,750. Jirgi sukutum ya tafi a kilo, ɓallin ƙofa ya yi kuɗin gida.

Ajiyar ma tana da nata haɗarin. Masu kallon finafinan Indiya na da sun san Raj Kapoor. Mutum ne mai adana kaya. Tufafin da jarumai suka sa a finafinansa tun zamanin jaruma Nargis, duk suna situdiyonsa na R.K. da ke unguwar Chembur a Mumbai. A watan Satumba na 2017 gobara ta tashi a zauren da aka kafa saitin wata gasar rawa ta talabijin, ta lashe su. Ɗansa Rishi Kapoor ya nuna cewa gini ana iya sakewa, kayan nan kuwa sun tafi ke nan. A 2019 iyalan suka sayar wa kamfanin Godrej filin, aka gina gidaje. An tara komai a wuri ɗaya, wuta ɗaya ta ishe shi.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a nan lamarinmu daban ne. Kannywood ba ta cika gina saiti ba. Gidan wani bawan Allah ake ara ko a kama haya, a shiga da kyamara da safe, da dare a mayar masa da falonsa. Motar ta aro ce, kayan sawa sau da yawa na jarumin ne. In fim ɗin sarauta ne ko na ƙauye, a nemo alkyabba da rawani da ƙwarya, a kafa bukkokin kara, in an tashi iska da awaki su ƙarasa. A wani ɓangaren wannan dabara ce, tunda ba mu cika juji da soso ba. Amma kuma yana nufin kaya na watsewa tun kafin wani ya yi tunanin ajiye su. Ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, an soke shi a 2016 bayan doguwar ce-ce-ku-ce. A kudu kuwa Kunle Afolayan ya gina ƙauye a Igbojaye ta jihar Oyo don fim ɗinsa Anikulapo na 2022, ya bar shi a tsaye, ana ci gaba da aiki a ciki, baƙi na zuwa gani.

Kuma a wurinmu fim ɗin kansa ma yana ɓata. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya salwanta. A 2016 aka tsinci faifansa a cikin tsoffin gwangwanayen ajiya na Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. In fim guda zai yi shekaru a kwance ba a waiwaye shi ba, ina ga rawanin da aka naɗa a cikinsa?

Daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi finafinan Hausa dubbai, kowanne kuma ya bar wani abu a baya. Don haka ina kira ga furodusoshi, da masu kula da kayan sawa a lokeshin, da iyalan 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya. Kakin sojan da marigayi Samanja ya yi wasa da shi, hular marigayi Ibro, kayan da aka sa a fim ɗin Sangaya, rubutaccen labari mai gyaran biron darakta, fosta, kaset na farko, tsohuwar kyamara: in ɗaya daga cikinsu na hannunku, kada ku bayar a yi tsumma, kada ku bari mai gwangwan ya ɗora a sikeli. A wanke, a shanya ya bushe sarai, a sa a akwatin ƙarfe nesa da gara da ɗigon ruwa. A rubuta a takarda sunan fim ɗin, da shekara, da wanda ya sa, a haɗa da hoton wurin da abin ya fito, domin rigar da ba ta da shaida, rigar gwanjo ce kamar kowace. Kada kuma a tara duka a ɗaki ɗaya. Wanda ba shi da wurin ajiya ya tuntuɓi gidan tarihi mafi kusa da shi, irin Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna, ya ji ko za su karɓa.